Yadda mu'amala ke sauya hukuncin da ma'aikatan gwamnati ke yanke wa jama'a

A shekarar 2007, wasu malaman shari'a uku a Amurka suka wallafa sakamakon binciken da suka yi kan dubban hukunce-hukuncen neman mafaka. Daga cikin abubuwan da suka gano akwai na kotun shige da fice ta birnin Miami, inda wani alƙali ya amince da buƙatar kashi 88 cikin 100 na 'yan ƙasar Kolombiya da suka gurfana a gabansa, yayin da wani alƙalin a cikin kotun guda ya amince da ta kashi 5 cikin 100 kacal.

Alƙalan biyu doka ɗaya suke aiki da ita, kuma mutanen da ke gabansu ƙasa ɗaya suka baro. Makomar mai neman mafakar ta dogara ne a kan teburin da takardunsa suka faɗa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban tagar neman biza, ko a ofishin sabunta takardar zama, ko a ɗakin karɓar marasa lafiya na asibitin gwamnati, ya san wani abu game da wannan. Masana harkokin mulki sun shafe fiye da shekara 50 suna nazarin yadda ƙananan jami'ai ke yanke hukunci, kuma bincikensu ya nuna cewa hukuncin yakan samo asali ne daga cuɗanya: tsakanin jami'i da mutumin da ke gabansa, da abokan aikinsa, da shugabanninsa, da kuma al'ummar da yake komawa cikinta idan an tashi aiki.

Su wane ne ma'aikatan sahun gaba?

Masanin kimiyyar siyasa ɗan Amurka, Michael Lipsky, shi ne ya fara tattara waɗannan ma'aikata a ƙarƙashin suna guda a wata maƙala da ya gabatar a 1969, kafin ya faɗaɗa tunanin a littafinsa mai suna Street-Level Bureaucracy a 1980. Ya haɗa 'yan sanda, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da jami'an walwalar jama'a, da alƙalan ƙananan kotuna a rukuni ɗaya, saboda abubuwa biyu da suka yi tarayya a kai. Suna ganawa da jama'a kai-tsaye a kullum, sannan suna da damar amfani da hankalinsu wajen yanke wanda za a ba wa wani abu ko a hana shi, da wanda za a hukunta ko a yi wa afuwa.

Hujjar Lipsky ita ce, manufar gwamnati da talaka ya sani ita ce wadda waɗannan ma'aikata suke aiwatarwa. Majalisa na iya zartar da dokar tallafa wa marasa ƙarfi, amma jami'in da ke duba takarda shi ne zai ce wane ya cika sharaɗi. Idan dubban irinsa suka saba da wata hanya ta yin aikin, to wannan sabon nasu ya zama shi ne manufar a aikace, ko da kuwa babu wanda ya rubuta shi.

Wannan ya saɓa wa siffar da masanin zamantakewa na Jamus, Max Weber, wanda ya rasu a 1920, ya bayar ta cikakken ma'aikacin gwamnati: mutumin da ke aiki da rubutacciyar ƙa'ida, ba tare da so ko ƙi ba, kuma ba tare da duban fuskar kowa ba.

Me ya sa doka kaɗai ba ta wadatarwa?

Dalili na farko shi ne babu dokar da za ta iya hango kowane hali da ɗan Adam zai shiga. Dokoki cike suke da kalmomi irin su "dalili mai ƙarfi" ko "shaida mai gamsarwa", waɗanda dole wani ya fassara su. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952 misali ce a nan. Wani sashe nata ya tanadi cewa duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa a matsayin mai niyyar zama dindindin, har sai ya gamsar da jami'in ofishin jakadanci cewa zai koma ƙasarsa. Gamsuwar kuwa a zuciyar jami'in take, kuma yakan cimma ta ne a ganawar 'yan mintoci. Kotunan Amurka ba kasafai suke sake duba irin wannan hukunci ba.

Dalili na biyu shi ne ƙarancin lokaci da kayan aiki. Masu buƙata kullum sun fi abin da ake da shi yawa, don haka ma'aikata kan ƙirƙiro dabarun rage nauyi. Lipsky ya lissafa wasu daga ciki: barin layi ya yi tsawo har wasu su gaji su tafi, ɓoye bayanin da zai ƙara yawan masu nema, fifita waɗanda matsalarsu ke da sauƙin warwarewa, da kasa mutane gida-gida a cikin zuciya domin a yanke hukunci da sauri.

Dalili na uku shi ne jama'a da kansu suna son a duba halinsu. Uwar da ta makara da kwana ɗaya wajen miƙa takarda saboda jinyar ɗanta ba ta son a amsa mata da sashen doka. Damar da ke ba jami'i ikon tausaya mata, ita ce kuma ke ba shi ikon nuna wa wata bambanci.

Abin da ke faruwa fuska da fuska

Tun a 1964, masana biyu, Irving Piliavin da Scott Briar, suka bi 'yan sandan da ke kula da laifukan yara a wani birnin Amurka suna kallon yadda suke aiki. A cikin yara 66 da suka lura da su, 45 sun nuna ladabi da haɗin kai, kuma biyu ne kawai aka kama daga cikinsu. Sauran 21 da ba su nuna haɗin kai ba, an kama 14. A kan ƙananan laifuka, yanayin magana da tsayuwar yaro sun yi tasiri matuƙa a kan abin da ya same shi.

Bayan kusan shekara 40, Steven Maynard-Moody da Michael Musheno suka tattara labaran da 'yan sanda, da malaman makaranta, da masu ba naƙasassu shawara kan sana'a suka bayar game da aikinsu. A littafin da suka fitar a 2003 sun nuna cewa waɗannan ma'aikata kan fara ne da auna mutumin: shin ya cancanci taimako, shin mai ƙoƙari ne da ƙaddara ta faɗa wa, ko kuwa mai son cin banza? Bayan sun yanke wannan a zuci ne suke juyawa ga ƙa'ida. Wanda suka ga ya cancanta, sukan yi masa fiye da abin da doka ta wajabta, wani lokaci har su jefa aikinsu cikin haɗari. Wanda suka ga bai cancanta ba, sai su bi masa doka harafi bayan harafi.

Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, sai dai bincike ya nuna cewa ba kowa ake yi wa shimfiɗar daidai ba. A 2017 masu bincike daga Jami'ar Stanford suka nazarci maganganun da kyamarorin jikin 'yan sandan birnin Oakland suka naɗa a lokuta 981 da aka tsayar da direbobi a watan Afrilun 2014. Sun gano cewa 'yan sandan sun fi amfani da kalmomin girmamawa, da ban-haƙuri, da kwantar da hankali ga fararen fata fiye da baƙaƙe, ko da laifin iri ɗaya ne. Bambancin ya bayyana tun a farkon ganawar, kafin direba ya yi wata doguwar magana, kuma ya bayyana ko da ɗan sandan shi ma baƙar fata ne.

Wani lokaci ma ba sai an ga fuska ba, suna kaɗai ya isa. Gabanin zaɓen Amurka na 2012, wasu masu bincike suka aika wa jami'an zaɓe fiye da 7,000 a jihohi 48 wasiƙun imel suna tambaya kan ƙa'idojin kaɗa ƙuri'a. Wasiƙun da ke ɗauke da sunaye irin na 'yan asalin Latin Amurka sun samu amsa ƙasa da waɗanda ke ɗauke da sunayen Turawa.

Shi ma mai neman hidima ba a zaune yake kawai ba. Nadine Raaphorst da Kim Loyens, waɗanda suka saurari labaran jami'an haraji na Holland da masu binciken wuraren aiki na Beljiyam, sun nuna cewa ganawar kan zama tamkar wasan karta, kowane ɓangare na ɓoye wani abu yana auna ƙarfin ɗaya, har a kai ga daidaitawa. A wasu lokutan kuma, jami'in da ya shiga gidan ɗan kasuwa ya zauna da shi ya ga halin da iyalinsa ke ciki, yakan fito da wani kallo daban game da bashin harajin da ya je bincika. Wannan ya ƙara muhimmanci a Holland tun daga 2005, lokacin da hukumar haraji ta ɓullo da tsarin sa ido da ya ginu a kan yarda da juna, wanda ya ɗora wa jami'ai nauyin tantance kamfanin da za a amince da shi.

Kasancewar mutum na uku a wurin ma tana sauya lissafi. Binciken neman mafaka na 2007 ya gano cewa waɗanda ke da lauya sun yi nasara kusan ninki uku na waɗanda suka tsaya su kaɗai.

Tasirin abokan aiki

Sabon ma'aikaci yakan koyi doka a wurin horo, amma aikin kansa a wurin tsofaffin hannu yake koyonsa. Su ne ke gaya masa irin labarin da za a yarda da shi, da irin takardar da za a yi wa kallon tuhuma, da kuma abin da za a kau da kai a kansa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

Masanin zamantakewa na Faransa, Alexis Spire, ya nazarci ofisoshin da ke ba baƙi takardun zama a ƙasar, kuma a littafinsa na 2008 ya bayyana yadda sababbin jami'ai ke ɗaukar ɗabi'ar zargin baƙi daga abokan aikinsu, duk da cewa babu wata rubutacciyar doka da ta umarce su da hakan. Ɗan ƙasarsu Vincent Dubois, wanda ya zauna a ofisoshin biyan tallafin iyali ya kuma wallafa bincikensa a 1999, ya ce jami'in da ke bayan tebur mutum biyu ne a jiki ɗaya: wakilin hukuma, da kuma ɗan Adam mai tarihinsa da tausayinsa. Yakan sauya daga wannan zuwa wancan gwargwadon wanda ke gabansa.

Tasirin abokan aiki na iya zama alheri. Bernardo Zacka ya yi wata takwas yana aikin karɓar baƙi a wata cibiyar yaƙi da talauci a arewa maso gabashin Amurka. A littafinsa na 2017 ya ce matsin aiki kan tura ma'aikaci zuwa ɗaya daga cikin halaye uku: ko ya zama ba ruwansa da kowa, ko ya zama mai tausayin da ke ƙarar da lokacinsa a kan mutum ɗaya ya bar saura, ko ya zama mai gadin doka da ke ganin maƙaryaci a kowace fuska. Abin da ke hana ma'aikaci zurfafa a ɗayansu, a ganin Zacka, shi ne zama da abokan aiki masu halaye mabambanta, waɗanda ke jan hankalinsa idan ya karkata. Ofishin da kowa ke tunani iri ɗaya ba shi da wannan birki.

Matsin lamba daga sama

Abin da shugabanni ke ƙirgawa shi ne abin da ma'aikata ke mayar da hankali a kai. Badaƙalar Windrush a Birtaniya ta nuna inda hakan ke iya kaiwa. Mutanen da abin ya shafa sun shiga ƙasar ne bisa doka daga tsibiran Karebiyan da wasu ƙasashen renon Ingila tsakanin 1948 da farkon shekarun 1970, da yawansu suna yara. Bayan da gwamnati ta tsaurara matakai kan baƙi daga 2012, sai jami'an ma'aikatar cikin gida suka riƙa neman su kawo shaidar zamansu ta shekara bayan shekara. Wasu suka rasa aiki, da gidaje, da damar jinya, wasu aka tsare su, kuma gwamnati ta amince cewa aƙalla mutum 83 an kore su daga ƙasar bisa kuskure.

Sakatariyar harkokin cikin gida, Amber Rudd, ta yi murabus a watan Afrilun 2018, bayan ta shaida wa majalisa cewa babu wani adadi da aka ƙayyade na mutanen da za a kora, daga baya kuma ta tabbata akwai. Rahoton binciken da Wendy Williams ta fitar a watan Maris na 2020 ya ɗora laifi a kan al'adar aiki a ma'aikatar, wadda ta sa jami'ai suka daina ganin mutanen da ke bayan takardun.

Dangi, abokai da sanayya

A Afirka ta Yamma, bincike mafi zurfi kan wannan batu ya fito ne daga masana irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL a birnin Yamai a 2001. Shi da Giorgio Blundo sun jagoranci nazari kan kwastam, da kotuna, da asibitoci a Nijar, da Benin, da Senegal. Shi da Yannick Jaffré kuma suka fitar da wani littafin a 2003 kan dangantakar ma'aikatan lafiya da majinyata a biranen Abidjan, da Bamako, da Konakiri, da Dakar, da Yamai.

Abin da suka yi ta gani shi ne hidima mai hawa biyu. Wanda ya zo a matsayin ɗan uwa, ko aboki, ko wanda wani ya turo, akan tarbe shi da fara'a a gaggauta masa. Wanda bai san kowa ba yakan gamu da jira da ɗaurin fuska, sai dai idan ya nemi wani ɗan tsakani ko ya ba da na goro. Karin maganar nan ta mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya ta siffanta lamarin tun kafin masana su rubuta shi.

Olivier de Sardan ya ja hankali cewa wannan ba rashin tsari ba ne. Ma'aikatan na bin wasu ƙa'idoji ne na aikace da kowa a ofis ya sani, ko da ba a rubuta su ba. Jami'in da ya ƙi yi wa ɗan uwansa alfarma zai fuskanci zargin girman kai da yanke zumunci, kuma wannan hukuncin na al'umma ya fi kusa da shi fiye da na hukumar ladabtar da ma'aikata. Masanin Najeriya Peter Ekeh ya yi bayani makamancin wannan a 1975, inda ya ce mulkin mallaka ya bar wa Afirka fagen jama'a iri biyu: na dangi da al'umma wanda mutum ke jin nauyinsa a wuyansa, da na gwamnati wanda yake kallo a matsayin wurin samu.

Ko na'ura za ta iya magance matsalar?

Gwamnatoci da dama sun koma ga kwamfuta domin cire son rai daga hukunci. A wasu fannoni hakan ya yi amfani, musamman inda ya rage haɗuwar da ke buɗe ƙofar cin hanci. Sai dai masana biyu 'yan Holland, Mark Bovens da Stavros Zouridis, sun yi gargaɗi tun a 2002 cewa ikon zaɓin yana ƙaura ne kawai daga hannun jami'in tebur zuwa hannun masu tsara manhaja, waɗanda jama'a ba sa gani balle su roƙe su.

Ƙasarsu ce ta zama misali. Hukumar harajin Holland ta zargi iyaye kimanin 26,000 da zamba a tallafin kula da yara, ta kuma tilasta musu mayar da maƙudan kuɗi, sau da yawa saboda ƙaramin kuskure a takarda. Tsarin tantance waɗanda za a bincika ya yi amfani da bayanan asalin ƙasa, lamarin da ya fi shafar iyalan baƙi, kuma yadda aka fassara dokar bai bar wa jami'ai sararin sassauci ba. Gwamnatin Firaminista Mark Rutte ta yi murabus a kan batun a watan Janairun 2021.

A Ostireliya ma, wani tsarin kwamfuta da aka faɗaɗa a 2016 ya riƙa lissafa wa masu karɓar tallafi bashin da da yawansu ba su ci ba, ba tare da wani jami'i ya duba kowace takarda ba. Kwamitin bincike na ƙasa ya yi tir da shirin a rahotonsa na watan Yulin 2023.

Mene ne abin yi?

Mafi yawan masana a yau sun karkata ga cewa a bar wa jami'ai damar amfani da hankali, amma a kewaye ta da matakan kariya. Daga ciki akwai wajabta rubuta dalilin kowane hukunci, da buɗe hanyar ɗaukaka ƙara mai sauƙi, da raba takardu ga jami'ai ta hanyar ƙuri'a, da sa mutum biyu su duba shari'ar da ke da nauyi, da kuma wallafa alƙaluman hukuncin kowane ofishi domin bambanci irin na Miami ya fito fili. Akwai kuma samar da tafinta da mai ba da shawara ga wanda bai iya harshen ofis ba, da rage yawan takardun da ke kan teburin jami'i guda.

Ƙasashe da dama na da hukumomin karɓar koke-koken jama'a a kan ma'aikata. Najeriya ta kafa tata a 1975, sannan ta ƙaddamar da shirin SERVICOM a 2004 domin inganta hidimar gwamnati. Ghana ta kafa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da adalcin gudanarwa a 1993. Amfaninsu ya dogara ne a kan sanin jama'a da su da kuma ƙarfin da aka ba su na tilasta gyara.

Binciken masanin halayyar ɗan Adam Tom Tyler, wanda ya yi a birnin Chicago ya kuma wallafa a 1990, ya nuna dalilin da ya sa batun ya wuce na mutum ɗaya da takardarsa. Ya gano cewa mutane sun fi amincewa da hukuma da bin doka idan suka ji an saurare su, an girmama su, an kuma yi musu adalci a hanyar da aka bi, ko da hukuncin bai yi musu daɗi ba. Ga mafi yawan jama'a, waɗanda ba za su taɓa zama da minista ba, ra'ayinsu game da gwamnati yakan ginu ne a kan 'yan mintocin da suka yi a gaban teburin ƙaramin ma'aikaci.